Faɗuwar Gaban Mai Wankin Ƙoda

Bahaushe ya ɗora wa zuciya kaya mai yawa. Ita ce mazaunin fushi da haƙuri, ita ake kira fara ko baƙa, ita ake cewa ta raya wa mutum abu. Idan gaba ya faɗi mukan ce wani labari ne ke tafe, mu yi addu'a mu wuce. Wannan fahimta tana da kyawunta, amma akwai bayin Allah da take iya jefawa cikin haɗari, wato masu wankin ƙoda. A wurinsu faɗuwar gaba sau da yawa saƙo ne daga jini, kuma na gaggawa.

Shekara uku ke nan ina raka kawuna wankin ƙoda a Yamai, kuma a zaman jiran nan na fahimci zumuncin da ke tsakanin ƙoda da zuciya. Zuciyar babban mutum, idan yana hutawa, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Abin da ke tsara bugun wata 'yar wutar lantarki ce da jiki ke samarwa ta hanyar sinadaran da ke cikin jini, kuma fotasiyam na cikin manyansu. Lafiyayyar ƙoda ce ke tsare ma'auninsa tsakanin 3.5 da 5, ta zubar da rarar ta fitsari. Idan ƙoda ta gaza sai ya taru. Da zarar ya haura 6, bugun zuciya kan iya rikicewa: ta yi sauri, ta yi nawa, ta yi tsallake, wani lokaci ma ta tsaya cak ba sallama.

Injin wanki yana ceton rai, sai dai a gurguje yake aikinsa. Abin da ƙoda ke yi dare da rana, shi a awa huɗu yake yi, sau uku a mako ga wanda ya samu yadda ake so. Ruwan da ya taru a jiki, lita biyu ko uku, a zama ɗaya ake janye shi. Idan janyewar ta yi sauri ƙarfin jini yakan faɗi, zuciya ta shiga gudu don ta cike giɓin. Kuma tun da kwanakin mako bakwai ne, dole a samu tazara ɗaya da ta fi sauran tsawo. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2011, a kan majiyyata fiye da 30,000, ya nuna mace-mace sun fi yawa a ranar da ta biyo bayan wannan doguwar tazara. To, ina ga namu da rashin kuɗi ko nisan hanya ke sa su tsallake zama?

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda alherinmu kan zama cuta. Ba ma zuwa dubiya hannu rabbana. Dabino, ayaba, lemo da kunun gyaɗa su ne guzurin mai dubiya, kuma dukansu suna ɗauke da fotasiyam mai yawa. Haka tumatir, dankali, alayyafo, zogale da tsamiya. Ruwan tokar da iyayenmu mata ke tacewa su sa a miya ma fotasiyam ne ya fi yawa a cikinsa. Gishirin nan da ake sayar wa masu hawan jini a madadin na gargajiya, da yawansa da fotasiyam aka haɗa shi. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe kuwa ba wanda ya auna abin da ke cikinsu.

Wata Asabar baƙi suka cika ɗakin Kawu, aka yi ta miƙa masa dabino ana cewa ya taɓa ko ɗaya ne, shi kuma kunya ta hana shi mayar da hannun kyauta. Washegari da yamma ya dafe ƙirji ya ce da ni, “Ɗan nan, gabana sai faɗuwa yake, ƙafafuna kuma sun mutu.” Wata dattijuwa da ke wurin ta ce, “Malam, tunani ne, ka sa wa ranka haƙuri.” Da zuciya ɗaya ta faɗa. Muka dai garzaya asibiti, aka yi gwajin jini da awon bugun zuciya, aka tarar fotasiyam ya hau sosai. A daren aka sa shi a inji.

Ba kullum laifin abinci ba ne. Ƙarancin jini, wanda ya zama ruwan dare ga masu ciwon ƙoda, yana sa zuciya sauri. Zazzaɓi daga ƙwayar cutar da ta bi ta robar wanki ma haka. Akwai kuma rikicewar bugu da ke farawa daga ɗakunan zuciya na sama, wadda kan sa jini ya daskare har ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Likita ne kaɗai zai bambance su.

Mai jinya yana da nasa aikin. Ya koyi ɗora yatsu biyu a wuyan hannun da ba a yi wa aikin jijiya ba, ya ƙirga bugun minti ɗaya cur. Idan ya wuce 100 alhali mutum yana kwance, ko ya yi ƙasa ƙwarai, ko yana tsallake, balle a ce da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, jiri ko mutuwar gaɓoɓi, kada a jira ranar wanki. A kicin kuma, yanka dankali ko ganye ƙanana a tafasa da ruwa mai yawa a zubar da ruwan yana rage fotasiyam ɗin.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan mai wankin ƙoda ya ce gabansa na faɗuwa, mu yi masa addu'a a kan hanyar asibiti. Idan kuma za mu je dubiya, kuɗin motar zuwa wanki ya fi masa ledar ayaba amfani. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.