'Yar Farisa a Zafin Shinkafi

Mai karatu, ka tuna farar magen nan mai dogon gashi da mugu Blofeld ke shafawa a finafinan James Bond tun 1963? 'Yar Farisa ce. An ce matafiyi ɗan Italiya, Pietro della Valle, ya kai irin ta Turai wajen 1620. A 1871 aka baje kolin ta a Landan, Turawa su ka yi ta haɗa iri har hancin ta ya nutse.

Fim ya ruɗe ni, na sayo ɗaya daga Kano, na kyautar da mussar Inna. Bazara na kamawa ta kwanta gindin randa tana haki, ɓeraye na shagali a rumbu.

Inna ta dube ni: "Ɗan nan, ita ma 'yar fim ce?"