Ƙanena Da Jitarsa

'Yan uwana Hausawa mazauna Kubwa, Dutsen Alhaji, Dei-Dei da Zuba, yau maganar gida na kawo muku, don ta riga ta fita waje. Da yawanku kun sha tare ni a ƙofar masallaci ko a bakin shago kuna tambaya, wai da gaske ne ɗan Alhaji ya zama mawaƙi? Wasu ma cewa suke kiɗan coci yake koyo. To ga yadda abin yake.

Mu mutanen Malumfashi ne ta jihar Katsina. Mahaifinmu ya zo Kubwa 'yan shekaru bayan an dawo da babban birnin tarayya daga Legas a 1991. Da tebur ɗaya na gero da wake ya fara, har Allah Ya mai da shi shago. Nan aka haife ni, nan aka haifi ƙanena, wanda yanzu shekarunsa 19. Mu biyu ke tsare shagon tun da muka gama sakandare. Gida kuwa sai da Sallah, mu yi kwana biyar mu juyo.

Jikin shagonmu akwai wani dattijon tela, mutumin jihar Filato. Tun muna yara ba abin da ke tashi a rakodarsa sai Don Williams, Jim Reeves, Kenny Rogers da Dolly Parton. Ni dai cikin hayaniyar kasuwa nake lissafa su, ashe ƙanena shigarsa suke yi. Akwai wata tsohuwar jita rataye a bayan keken ɗinkin dattijon. Shi ya koya wa yaron inda ake danna tsirkiya, idan ciniki ya lafa da rana. Daga baya ƙanen nawa ya yi wata bakwai yana tara kuɗin abincinsa, ya sayi tasa ta hannu. Iyakar alaƙarsa da "coci" ke nan: malaminsa Kirista ne, kuma maƙwabcin arziki ne da ya fi shekara ashirin yana ɗinka mana kayan Sallah.

Ga wanda bai sani ba, wannan kiɗa sunansa kantiri, watau waƙar mutanen karkarar kudancin Amurka, manoma da makiyaya da ma'aikatan jirgin ƙasa. An fara ɗaukarsa a faifai a shekarun 1920, kuma cibiyarsa birnin Nashville, inda ake wani shirin rediyo mai suna Grand Ole Opry tun 1925. Kayan kiɗansa na asali jita ne da goge da banjo. Shi banjon nan, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi a can, da ƙwarya da fata, kamar dai gurminmu. Don haka idan kun ji sautin yana muku kama da na gida, kunnenku bai yi ƙarya ba.

Ranar da na tambaye shi me ya gani a waƙar Turawan ƙauye, cewa ya yi, "Yaya, ai labarinmu suke bayarwa." Ya fassara mini wata waƙar Dolly Parton ta 1971, Coat of Many Colors, wadda ta yi kan rigar da mahaifiyarta ta haɗa mata da tsummoki, yara suka yi mata dariya a makaranta. Ya ce yawancin waƙoƙin haka suke: wanda ya bar ƙauye ya zo birni neman abinci, kewar uwa, bashi, gonar da aka sayar. Mu da ake ce wa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, wa ya fi mu sanin wannan? A Kubwa mu baƙi ne, idan mun je Malumfashi kuma a ce 'yan Abuja sun zo.

Shi ya sa da Hausa yake rera nasa. Yanzu yana da guda biyar. Akwai ta ɗan ga-ruwa mai tura kura a Byazhin yana lissafin kuɗin taki da zai aika gida. Akwai ta wata tsohuwa Bagwariya, mai ɗaukar itace a kafaɗa, da take nuna wa jikanta rukunin gidajen da aka gina a kan gonarsu. Akwai kuma ta jirgin Kaduna, wanda ya fara tsayawa a tashar Kubwa a 2016, a bakin yaron da yake jin ƙararsa kullum amma ba shi da kuɗin tikiti. Wannan ita ce Inna ta ji ta yi shiru, ta tashi ta shiga ɗaki.

Baba kuwa da labari ya kai masa, kiranmu ya yi mu biyu bayan lisha. Ya ce, "Ni ban haifi maroƙi ba. Mudu muka gada, ba kalangu ba. Gobe idan na je nema masa aure aka tambaye ni sana'arsa, me zan ce?" Na ce, "Allah Ya ba ka haƙuri Baba, ai Shata da kake saurare kullum shi ma bai gaji waƙa ba. Mahaifinsa bai so ba, da tallan goro da alewa ya fara, amma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa, duniya ta san shi." Baba ya dube ni ya ce, "Shata guda nawa ne? Ka lissafa mini waɗanda suka bar sana'a suka bi kiɗa, ba su zama Shata ba." Wallahi ban sami amsa ba, har yau kuma ina juya maganar.

Gaskiya hanyar ba sauƙi. A gidajen bikinmu waƙoƙin su Hamisu Breaker da Ado Gwanja ake so, waɗanda za a taka rawa. Ya taɓa kai kuɗinsa wani situdiyo, mai wurin ya ce waƙar ta yi sanyi, ya zuba mata fiyano da na'urar gyaran murya, har shi kansa bai gane muryarsa ba. Kuɗin kuma ba su dawo ba. Wuraren da ake son kantiri a Abuja kuwa, yawanci lambunan shaƙatawa ne da ake sayar da giya. Yanzu da waya yake ɗauka, cikin sitonmu da dare, don buhunan hatsi suna shanye amsa-kuwwa.

Yakan ƙarfafa kansa da labarin Charley Pride, baƙar fata ɗan manoman auduga a Mississippi, wanda ya zama tauraron kantiri kafin rasuwarsa a 2020. Sannan ga Shaboozey, ɗan iyaye 'yan Nijeriya, wanda waƙarsa ta yi mako 19 a saman jadawalin Billboard a 2024. Ni kuma nakan tuna masa cewa waƙar Shaboozey ta gidan giya ce, kuma a Amurka aka haife shi, ba a bayan kasuwar Kubwa ba.

Da taimakon kawunmu, Baba ya sassauta, amma da sharuɗɗa huɗu: ba wasa wani don a ba shi kuɗi, ko da ɗan siyasa ne, ba shiga inda ake shan giya, shago daga safe har la'asar, salla a kan lokaci. Ya ba shi daga nan zuwa Babbar Sallah mai zuwa. Idan abin bai nuna alamar ci gaba ba, jita ta koma bango, a buɗe masa tebur a Zuba. Yaron ya amince, duk da ya san sharaɗi na biyu ya rufe masa ƙofar da ta fi kusa.

Roƙona gare ku 'yan uwa ɗaya ne. Kafin ku yanke masa hukunci, ku saurare shi. Mun fi shekara talatin a garin nan, muna auna hatsi, muna yanka nama, muna tura ruwa, muna gadin gidajen mutane, amma ban taɓa jin wanda ya sa rayuwar tamu a waƙa ba. Duk mai so ya biyo shago bayan la'asar, zai rera masa ɗaya kyauta. Idan kun ji abin da ya saɓa wa addini ko tarbiyya, ku gaya mini, ni zan fara karɓe jitar. Idan kuma kun ji labarinku a ciki, to don Allah ku gaya wa Baba, don ya fi jin maganarku a kan tawa.

Allah Ya yi mana zaɓi mafi alheri, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa.