Daren Da Na Kwana A Ƙasar Jar Akuya

Wanda ya tashi daga Katsina ya bi ta Jibiya, ya tsallake iyaka ya wuce Ɗan Isa, ba zai isa Maraɗi ba sai idonsa ya ƙoshi da jajayen awaki. Su ne a gindin gawo, su ne a bakin rijiya. Mu a Nijeriya jar akuyar Sakkwato mu ke ce mata, mutanen Nijar kuwa su ce akuyar Maraɗi. Fatarta ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita tun zamanin da, har Turawa suka ɗauka kirgin Maroko ne. A 1963 aka kafa mata cibiyar kiwo a Maraɗi don kyautata irinta. To, amma ba labarin fata zan ba masu karatu ba.

A wani ƙauye gabas da Maraɗi, kan hanyar Tasawa, motarmu ta ƙi tashi, ga dare, ga hunturu. Wani dattijo ya sauke ni a zaurensa. A wannan ƙasa akuya dukiyar mace ce. Nononta ba yawa, bai cika wuce rabin lita a yini ba, amma da shi a ke dama furar yara a gidan da ba saniya. Surukar dattijon, wadda mijinta ya tafi ci-rani, akuya ɗaya gare ta, ita ma ta habbanaye ce, watau aron da aka koya daga Fulani: a ba ka uwa, ta haihu ka riƙe 'ya'ya, sa'an nan ka mayar da ita. In ta mutu ba 'ya'ya, ba nono, ga kuma kunyar idon mai ita.

Can tsakar dare sai mai gida ya tashe ni, ya ce, “Malam, ara mana tocilarka.” Na bi shi har turke. Ashe tun bayan isha'i faya ta fashe, akuya tana ta yunƙuri, amma kofato ɗaya kaɗai ya leƙo. Wani saurayi har ya ɗauko igiya zai ɗaura ya ja, sai ga wata tsohuwa da aka kirawo daga maƙwabta. Ta ce, “Kai ɗan nan, guga ka samu? Aje igiyar nan.” Ta dubi surukar, ta ga tana da juna biyu, ta kore ta ɗaki.

Ban taɓa ganin natsuwa irin ta matar nan ba. Ta yanke farcenta, ta wanke hannu da sabulu har gwiwa, ta shafa yauƙin karkashi. Ba ta sa hannu ba sai da yunƙurin ya lafa, kuma maimakon ta jawo, sai ta mayar da ƙafar ciki. Ni dai tausayi ya sa hannuna rawa, har ta ce, “Malam, haska nan, ba fuskata za ta haihu ba.” Ta daɗe tana lalube, idonta a rufe, kana ta ce biyu ne, sun zo ƙofa tare: kan na ɗaya, ƙafar ta ɗaya. Da an ja da igiya, da an yaga uwar. Ta tura na bayan, ta bi wuyan na gaban da yatsa har kafaɗa, ta miƙo ƙafafunsa biyu, ta riƙa jawowa ƙasa-ƙasa, ba ta ja sai akuyar ta yunƙura.

Mace ce ta fara faɗowa. Tsohuwa ta share mata majina, ta sosa hancinta da tsinken ciyawa har ta yi atishawa. Na biyun namiji ne, ya zo ba rai.

Da na koma Maraɗi na ba wani malamin dabbobi labari, ya ƙara mini haske. Cikin akuya wata biyar ne, kimanin kwana 150. Haihuwar lafiya, ƙafafun gaba biyu ke fara fitowa, hanci na bisansu. In faya ta fashe, akuya ta yi rabin sa'a tana yunƙuri mai ƙarfi ba ci gaba, a duba, kada a jira asuba. A cikin duhun mahaifa kuwa da gaɓoɓi a ke gane ƙafa: ta gaba, gaɓoɓinta biyu na ƙasa gefe ɗaya su ke lanƙwashewa, ta baya kuwa saɓanin juna. In abin ya fi ƙarfin hannu, sai likita. Korar mai ciki da tsohuwa ta yi ma daidai ne, ko da wane dalili ta yi, domin ruwan haihuwar dabba yakan ɗauko cututtuka irin su bakkale, masu kama mutum.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewarsa wahalar ba a daren ta fara ba. Awakin ƙauye sake su ke yawo da bunsuru, sai a hau 'yar wata shida ko bakwai, ƙugunta bai buɗe ba. Ga shi irin nan ya saba tagwaye, makonni shida na ƙarshe kuwa, sa'ad da 'ya'yan ke girma da sauri, sau da yawa sukan faɗo lokacin da harawa ta yi tsada, uwar ta zo naƙuda ba ƙarfi. A ganina laifin bai kan matan, don wadda ke auna dusa da gwangwani ba ta da shingen ware bunsuru.

Kafin mu bar ƙauyen da hantsi na sake leƙa turken. Mabiyiya ta faɗi an binne ta, akuya ta miƙe tana lasar ruwan dusa da kanwa, 'yar kuwa ta sha dakashi tana tangaɗi a gindinta. Mai gida ya aika wa tsohuwa da kuɗi ta mayar, goro biyu kaɗai ta karɓa.