Ƙugiyar ƙ da uwar garken wani malami a bakin Shuɗin Nilu

Kalmar baƙi tana ɗauke da ma'ana uku a Hausa: launi, da mutanen da suka zo daga wata ƙasa, da harafin da almajiri ke koya kafin wasali. Idan aka cire mata 'yar ƙugiyar da ke saman harafi na uku sai ta koma baki, ta rasa dukkan ukun. A idon mai karatu ƙugiyar nan ɗan lanƙwasa ce kawai. A cikin kwamfuta kuwa, bisa tsarin UTF-8, harafin ƙ bayit biyu ne a jere, C6 da 99, kuma abin da zai bayyana a allo ya danganta ne da wanda ya karanta bayit ɗin da kuma tsarin da ya ɗauka an rubuta su da shi.

Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu sun san ma'ana ta biyu ta kalmar fiye da kowa. Wasu zuriyar mahajjata ne da suka tsaya a hanyar Makka, wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, a Burmi a 1903, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka jawo ƙarin hannuwa daga yamma. Jikokinsu suna karatun boko da Larabci, suna ciniki da Larabci, Hausa kuma tana cikin gida da gona. A ɗaya daga ƙauyukan nan wani malamin makaranta ya shafe shekaru yana tattara kalmomin da yake ji a bakin dattawa, kowace da fassararta ta Larabci, har da na noman rani da suka shigo daga maƙwabta, irin su hawasha da tur'a da abu ishirin. Ya ajiye su a fayilolin rubutu, layi ɗaya kalma ɗaya, ya ɗora su a kan wata tsohuwar kwamfuta da ya mayar uwar garke, domin ɗalibai su riƙa dubawa suna kuma ƙarawa.

Uwar garken tana gudana da Apache 2.2, da PHP 5.3 a matsayin mod_php. Wannan irin tsari dashe ne: mai fassara umarnin PHP yana zaune a cikin jikin Apache kansa, yana tashi tare da shi, yana cin ƙwaƙwalwa ɗaya da shi. Amfaninsa sauƙi ne da sauri a ƙaramar na'ura. Illarsa ita ce duk abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa ɗayan.

Fassarorin Larabci na farko an buga su ne a kwamfuta mai Windows ta Larabci, bisa tsarin Windows-1256, inda kowane harafi bayit ɗaya ne, shafin ma yana sanar da burauza cewa da wannan tsarin za a karanta shi. Tsarin ba shi da gurbin ɓ ko ɗ ko ƙ. Saboda haka duk kalmar da ɗalibi ya rubuto a waya da UTF-8, aka haɗa fayil ɗinta da na asali, sai ta fito a karkace: C6 a Windows-1256 harafin ئ ne, 99 kuma alamar ™ ce, ɗ kuwa ta kan zama ة da doguwar karan ɗori a bayanta. Wanda ya shigar da ƙ ta akwatin shafin ya gamu da wani abu dabam, domin burauza idan ta rasa gurbin harafi a tsarin shafi sai ta aika lambarsa, a ajiye &#409; a tsakiyar kalma. Da mutane suka gaji sai wasu suka koma rubuta k' da d' da b' kamar a zamanin tafireta, wasu kuma suka watsar da alamar baki ɗaya. Ta haka harafi ɗaya ya samu kamanni huɗu a fayil ɗaya, kuma an daɗe ana zaune da hakan tunda Larabcin yana fita daidai.

An daina kula da PHP 5.3 tun watan Agusta na 2014, amma abin da ya tilasta wa malamin sauyi shi ne faifan tsohuwar na'urar da ya fara gardama. Sabuwar da ya samu tana da Apache 2.4. Ya kwafo tsohon libphp5.so ya ajiye a wurinsa, Apache ya ƙi tashi, yana cewa ya sa ran ganin hatimi mai lamba 41503234 amma ya ga 41503232. Lambobin nan ba na kawai ba ne: idan aka karanta su bibbiyu a matsayin haruffa, ta farko AP24 ce, ta biyu AP22. Kowane dashe yana ɗauke da hatimin Apache ɗin da aka gina shi dominsa, kuma babu dabarar da ta wuce a sake ginawa.

Ya sauko da tushen PHP 7.4 ta intanet ɗin waya, ya ba configure umarnin --with-apxs2 domin ya auna ginin da Apache ɗin da ke kan na'urar, da --enable-mbstring, wanda ba ya shiga sai an nema, alhali shi ne sashen da ya san harafi na iya wuce bayit ɗaya. Daga 7.4 sashen yana neman laburaren oniguruma daga waje, sai da ya nemo shi. An ɗauke wuta ana tsakiyar gini. Make dai yana ci gaba daga inda ya tsaya. Ya kuma zaɓi prefork, inda kowane ma'aikaci ke karɓar buƙata ɗaya a lokaci ɗaya, domin dashen da ba a gina da kariyar zare ba Apache ba ya yarda ya tashi da shi a ƙarƙashin event. Duk waɗannan matsaloli ne masu kirki, tunda kowace tana faɗin sunanta a kundin kurakurai.

Wadda ta biyo baya ba ta ce komai ba. Shafin ya buɗe, ƙ da ɗ suka fito tsaf da ƙugiyoyinsu a karon farko, amma gefen Larabci na tsofaffin layuka ya zama fili. Kundin kurakurai fes. Fayilolin kuma da ya duba girmansu bai ragu ba.

Sauyi biyu ne suka haɗu. Daga PHP 5.6 dashen yana aika sanarwar UTF-8 a kan kowane shafi idan ba a hana shi ba, kuma burauza tana fifita sanarwar uwar garke a kan wadda aka rubuta a cikin shafi. Wannan ne ya gyara ƙ. Daga 5.4 kuma htmlspecialchars, wadda ake tace rubutu da ita kafin a nuna shi, ta daina ɗaukar kowane bayit yadda ya zo, ta koma auna rubutu da ma'aunin UTF-8, idan bai cika ba ta mayar da fanko ba tare da gargaɗi ba. Larabcin Windows-1256 ba ya cika wannan ma'auni. Sai a 8.1 aka sauya ɗabi'ar, ta koma sa alamar tambaya a gurbin abin da ta kasa karantawa, wanda ko ba komai yana nuna cewa akwai abu a wurin.

Haɗarin gaske yana shafin gyara. Shafin yana zuba abin da ke fayil cikin akwati ta wannan tacewar, don haka ɗalibin da ya buɗe layi domin gyara wasali ɗaya zai tarar da akwatin fassara fanko, idan ya danna ajiye sai fankon ya maye gurbin abin da wani dattijo ya faɗa shekaru da suka wuce, wataƙila dattijon da ba ya raye. Malamin ya rufe shafin gyara kafin ya taɓa komai, ya kwafe fayilolin a wuri biyu.

Akwai gajeriyar hanya, wato a tilasta wa sabon dashe ya yi halin tsoho, Larabci ya dawo, Hausa ta koma karkace. Da ya bi ta da ba wanda zai zarge shi, domin yawancin masu duba shafin Larabci suka fi karantawa. Sai dai ƙamus na Hausa da ba ya iya rubuta ƙ abin kunya ne ko da an saba da shi. Ya zaɓi bin fayilolin gurbi-gurbi: mb_check_encoding ta tantance ko gurbi UTF-8 ne, wanda ya faɗi a miƙa wa iconv ta juya shi daga Windows-1256, sannan html_entity_decode ta mayar da &#409; da 'yan uwanta haruffa. Juya fayil gaba ɗaya a tashi ɗaya da ya lalata duk ƙ ɗin da ke daidai, ya daskarar da ita a matsayin ئ™ har abada. Gurbin da ya haɗa tsarin biyu a jimla ɗaya kuwa sai da hannu.

Kama ta uku ta yi kamar za ta yi sauƙi: a mayar da k' ƙ, d' ɗ, b' ɓ. Amma a ƙasar da Larabci ke bakin kowa, wani ya rubuta sab'in maimakon saba'in, kuma na'ura za ta mayar da shi saɓin ba tare da jinkiri ba. Dole ya fitar da jerin ya karanta kafin ya amince.

Kama ta huɗu ba ta da maganin na'ura. Kasa ce ko ƙasa, kafa ko ƙafa, fada ko faɗa, bata ko ɓata, babu bayit ɗin da zai faɗa. A nan ne gefen Larabcin da aka ceto ya biya wahalarsa: inda fassara ta ce أرض an san ƙasa ake nufi, inda ta ce رجل an san ƙafa ce. Kalmomin da ba su da fassara, ko waɗanda ba a samu a ƙamusun Bargery na 1934 ba, ya rubuta su a littafi ya riƙa kai wa tsofaffi bayan la'asar, su furta yana saurare.

Ya so ya ƙara gefe na uku na ajami, tunda da shi dattawan suka iya karatu. Unicode ta shigar da fa da ƙaf da nun na rubutun Warshu a 2016, ta ƙara wasu haruffan ajamin Hausa a 2020. Kowannensu bayit uku ne, kuma substr tana yanka su a tsakiya idan ba a musanya ta da mb_substr ba. Dashen ya iya ɗaukarsu, amma yawancin wayoyin ɗalibai akwati fanko suke nunawa a gurbinsu, don haka ya jinkirta.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya kai Wad Madani a Disambar shekarar, ya kai Sinja a Yunin 2024. An kashe uwar garken, mutanen ƙauyen da yawa suka watse. Fayilolin, da yake yanzu tsari ɗaya suke bi, suna buɗewa a kowace waya, kuma malamin ya tura wa tsofaffin ɗalibansa kwafi. Layukan da ba a kai ga tantancewa ba ya sa musu alamar tauraro a gaba, kuma mafi yawansu sunayen ciyayi ne da na kayan ban ruwa.