Harafi Mai Kauri da Makomar Ƙugiya

Masu zana tambari da allunan talla suna son haruffa masu kauri, karkatattu, waɗanda ba su da ƴan ƙafafu a ƙarshen layi. Dalili a fili yake: kauri yana sa a hango rubutu daga nesa, karkata kuma tana ba shi kamar motsi. Futura, wadda Paul Renner ya fitar a Jamus a 1927, da Helvetica ta 1957 sun yi fice a wannan aiki. Sai dai don harsunan Turai aka ƙera su, ba a yi lissafi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba.

Idan salon da aka zaɓa ba shi da ƙ, kwamfuta takan aro ta daga wani salo, sai a ga siririn harafi a miƙe tsakanin masu kauri. Mai zane kuwa, don gudun muni, yakan cire ƙugiyar gaba ɗaya. Nan ma'ana take zubewa: allon masauki da ya kamata ya ce “Gidan Baƙi” sai ya ce “Gidan Baki”.

Saboda haka, kafin ɗalibi ya amince da salo, ya rubuta “Maraɗi”, “ɓarawo”, “ƙasa” da “ƴaƴa” da kauri da karkata, manya da ƙanana, sannan ya ja baya ya duba ko ƙugiyar ta cushe. Noto Sans na Google da Andika na SIL suna ɗauke da waɗannan haruffa duka.