Duna da Garin da Ake Sayar Mana a Leda

A gidanmu, a wani ƙauye kusa da Kore Mairuwa, akwai tsohon kare mai suna Duna. Na kawuna ne, mafarauci, kuma sun fi shekara goma suna shiga daji tare. Yanzu Duna ba ya miƙewa da safe sai da ƙyar, balle lokacin ɗari. Gwiwoyinsa na baya sun kumbura, in ya taka sai ɗingishi. Na san wani zai ce malamin makaranta ya rasa abin rubutawa sai kare. A yi mini haƙuri, maganar za ta iso kan ƴaƴanmu.

Bara, muna zaune gindin bedi lokacin hutun ƙarfe goma, wani abokin aikina ya nuna mana bidiyo a wayarsa. Wani kare ne a Turai, ba ya iya hawa matakala, aka yi masa abin da suke kira "sitem sel", can sai ga shi yana tsere a fili. Kafin mu gama mamaki ya buɗe jaka ya fito da kwali cike da ƴan ledoji na gari, wanda ake zubawa ƙarƙashin harshe. Ya ce abin da aka ba karen ke nan, kuma yana maganin ciwon suga, hawan jini, sanyin ƙashi, har da amosanin jini. Kwali guda ya fi buhun gero tsada.

Ni Duna ne ya faɗo mini a rai. Da na je Dutsi karɓar albashi sai na biya wurin wani likitan dabbobi da muka yi kwaleji tare. Ya saurare ni, ya yi dariya, ya ce: "Mushe, karen bidiyon gaskiya ne, ledar ce ba gaskiya ba." Ya ba ni abin karantawa da Faransanci, na kwana biyu a kai.

Ga abin da na fahimta. Jiki duka an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace da aikinta: ta jini, ta fata, ta ƙashi. Amma akwai wasu da ba su riga sun kama sana'a ba, kamar yaron da aka kawo mini ajin farko, wanda ba a san ko likita zai zama ko maƙeri ba. Su ne ƙwayoyin tushe. Ana samun su a ɓargo, da kitse, da cibiyar jariri. Likitocin dabbobi a Amurka da Turai sukan sa kare barci, su yanko ɗan kitse a jikinsa, su tace waɗannan ƙwayoyin a ɗakin gwaji, wani lokaci su rene su har su yawaita, sannan su yi allurarsu cikin gaɓar da ke ciwo. A shekarar 2022 Tarayyar Turai ta ba da izinin wani irinsa da wani kamfanin Sifen ya haɗa daga cibiyar ɗan doki, domin karnuka masu ciwon gaɓoɓi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda suke aiki. Da farko an zaci za su zauna a gaɓar su zama sabon guringuntsi. Bincike ya nuna yawancinsu ba sa daɗewa a wurin. Suna fitar da wasu sinadarai ne da ke lallashin sojojin jiki su rage faɗan da ke haddasa kumburi da zafi, kamar dattijon da ya shigo tsakiyar rigima ya yi magana ya wuce. Saboda haka kare yakan samu sauƙi na wasu watanni, ba ya komawa kwikwiyo, wani kuma ba ya samun sauƙin kirki. Su kansu masanan suna cewa gwaje-gwajen da aka yi ba su da yawa.

To, a dubi sharuɗɗan. Dole ƙwayoyin su kasance da rai. Dole a ajiye su cikin sanyi. Dole a kai su wurin ciwon da allura. Na koma na karɓi kwalin abokina na karanta abin da aka rubuta a bayansa: an haɗa garin ne daga ƙwayoyin tuffa da inabi. Busasshen gari na ɗan itace, wanda ya sha zafin motar kaya daga iyaka zuwa Tibiri, ya sauka cikin ciki a narkar da shi kamar tuwo. Ko ɗalibin da ya yi darasin narkewar abinci a aji shida zai iya gane inda gizo ke saƙa.

Da a kan Duna maganar ta tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Akwai yarinya a ajina mai amosanin jini, mai ƙoƙari ƙwarai a lissafi, wadda duk lokacin sanyi takan yi mako ɗaya ko biyu ba ta zo ba. A watan Janairu ta yi mako uku. Na je gaishe ta, na tarar da ita kwance tana kukan ƙafafu, ga ledojin nan a kan faifai. Mahaifinta ya sayar da tunkiya ya sayi kwali biyu, ya kuma daina kai ta asibiti, ya daina ba ta ƙwayoyin ƙarin jini da aka rubuta mata, don an ce masa wannan daga tushe yake warkarwa.

Na ce: "Malam, wa ya kawo maka wannan?"

Ya ce: "Ai daga lakwal ɗinku ya fito, Mushe. In malami ya ce abu yana da kyau, mu wa muke da za mu musa?"

Wannan maganar ba ta bar ni na yi barci ba. A makarantar horar da malamai ta Doso an koya mana yadda ake shirya darasi, amma ba wanda ya gaya mana cewa a ƙauye bakin malami hatimi ne. Ba na zargin abokina da mugunta. Albashi ba ya kai ƙarshen wata, wani ya jawo shi cikin harkar, shi ma dole ya jawo wasu kafin ya mayar da kuɗinsa, kuma ya yarda da garin har yana ba mahaifiyarsa. Amma amanar da ya sayar ba tasa ba ce shi kaɗai, ta dukkanmu ce masu riƙe da alli.

Abin takaicin shi ne, a cikin ƙaryar akwai ƙwayar gaskiya. Ƙwayoyin tushe suna iya warkar da amosanin jini, ta hanyar dashen ɓargo. Kuma karnuka na da hannu a ciki: likitan Amurka Donal Tomas, wanda ya samu kyautar Nobel a 1990, a kan karnuka ya yi shekaru yana gwada dashen kafin ya yi nasara a kan mutane. A Najeriya an yi na farko ga mai amosanin jini a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Sai dai aiki ne mai haɗari da tsada, sai an samu wanda ɓargonsa ya dace, yawanci ɗan'uwa na ciki ɗaya, sai an kashe tsohon ɓargon da magunguna masu ƙarfi, sai makonni a ɗaki na musamman. Wannan na yi wa mahaifin yarinyar bayani, a hankali, muna zaune kan tabarma. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko za a mayar masa da kuɗin tunkiyarsa. Na ce ban yi tsammani ba. Washegari ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti.

Na ɗauki maganar zuwa taron malamai, muka yi ta ba daɗi. An dai tsayar cewa ba mai sake sayar da magani a harabar makaranta. Ni da abokina mun yi wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Shi kuwa Duna, likitan ya ce a yi masa shimfiɗar buhu a inda iska ba ta bugawa, a bar shi ya riƙa ɗan zagayawa, kada kuma a kuskura a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, don yana iya ɓata masa ciki da ƙoda. Kawu ya saurara ya ce: "Ɗana, wannan duka na sani tun ba a haife ka ba." Amma da na koma hutun da ya wuce, na tarar da buhun a bayan rumbu, Duna na kwance a kai.