Gidan da Ke Tashi Tare da Ruwa

Duk shekarar da ambaliya ta ci garuruwan bakin kogi, akwai tambaya ɗaya da nakan ji a bakin 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda suka fito daga birni. Sukan ce, "Wai me ya hana mutanen nan tashi su koma tudu?" Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, domin ni ɗan irin waɗannan garuruwa ne. Ƙauyenmu yana bakin kogin Haɗejiya, kuma ina so in bayyana muku cewa ba taurin kai ne ya zaunar da mu ba.

Kogin nan da ke rushe mana ɗakuna shi ne ke ciyar da mu. A fadamarsa muke noman shinkafa da damina, mu yi albasa da tattasai da rani, a cikinsa kuma muke kamun kifi. Tudun da ake cewa mu koma yana da masu shi. Wanda ya bar fadama ya tsira daga ruwa, amma ya faɗa hannun yunwa.

A daminar 2022, wadda ambaliyarta ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta kuma raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, mu ma ba ta bar mu ba. Maza sun kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga, amma ruwa ya fi ƙarfinsu. Bai zo da gudu ba. A hankali ya riƙa hawa, yau a idon sawu, gobe a gwiwa, har ya jiƙa gindin katanga ta zauna. Muka kwashe yara da tsofaffi zuwa makarantar firamare, muka yi makonni a cikin aji. Ɗakuna biyu suka faɗi a gidanmu, Baba bai ce komai ba. Amma ranar da rufewarmu ta kife da geron da ke cikinta, ya kasa cin tuwo. Da na ba shi haƙuri sai ya ce, "Ɗana, ɗaki ƙasa ce, da rani za mu kwaɓa wata. Hatsi fa, da me za mu kwaɓa shi?"

Tun daga ran nan nake neman sanin yadda mutanen wasu ƙasashe ke zama da ruwa. A karance-karancena sai na gamu da wani irin gida mai ban mamaki. Ba jirgin ruwa ba ne, ba kuma irin gidajen Makoko na Legas ba ne da ke tsaye kan dogayen sanduna. Gida ne da ke zaune a ƙasa kamar kowane gida. Sai dai a ƙarƙashinsa an shirya abubuwa marasa nauyi masu ɗauke da iska, a kusurwoyinsa kuma an kafa turaku masu ƙarfi. In ruwa ya zo sai ya ɗaga gidan, turakun su riƙe shi kada ya tafi, yana hawa yana sauka a jikinsu kamar zobe a yatsa. In ruwa ya janye sai ya koma mazauninsa.

A ƙasar Holan, a wani gari mai suna Maasbommel da ke bakin kogin Maas, an gina irin waɗannan gidaje fiye da 30 a wajen 2005. Gindinsu akwatin kankare ne mai rami a ciki, turakunsu na ƙarfe, bututun ruwa da wayar lantarki kuwa an yi su masu lanƙwasa don kada su tsinke. Da kogin ya cika a 2011, gidajen suka tashi, suka kuma sauka lafiya.

Wani zai ce ai wannan aikin masu kuɗi ne. To, ba a nan abin ya tsaya ba. Bayan guguwar Katrina ta 2005 a Amurka, wata malamar jami'a mai suna Elizabeth English ta kafa ƙungiya a 2006 don a riƙa gyara tsofaffin gidajen talakawa su iya tashi. A 2018 ita da abokan aikinta sun gyara gidajen wasu manoman shinkafa na bakin kogin Mekong, a ƙasar Biyetnam, da jarkokin roba da aka ɗaure a ƙarƙashin daɓen katako. A birnin Daka na Bangaladash kuwa, a 2010, an yi wani gida wanda ɓangare ɗaya nasa ke tashi a kan dubban tsofaffin robobin ruwan sha.

Sirrin abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya ga masunci ya kwanta a kan gora yana bin kogi ya riga ya ga wannan ilmi. Malaminmu na kimiyya ya koya mana cewa ruwa yana ɗaga abu gwargwadon nauyin ruwan da abin ya ture, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Watau duro mai cin lita 200, in an toshe shi babu komai a ciki, zai ɗauki kusan kilo 200, ban da nauyin kansa.

Amma kada in yi muku daɗin baki. Na farko, ɗakin ƙasa ba ya tashi, don ya yi nauyi, ga shi ruwa na narkar da shi. Sai na katako da kwano, ko na kara da zana. Na biyu, dabarar ta ruwa mai hawa a hankali ce, irin namu. Ruwa mai zuwa da gudu yana jan itatuwa da duwatsu, irin wanda ya auka wa Mokwa a watan Mayu na 2025, babu turken da zai tsaya masa. Na uku, abin yana son kulawa. Makarantar nan mai yawo a kan durorin roba da aka gina a Makoko a 2013 ta rushe a 2016 bayan ruwan sama mai yawa. Allah Ya sa an riga an kwashe yaran. Bugu da ƙari, ko gida ya tashi, gona da rijiya da masai suna nan cikin ruwa.

Saboda haka shawarata ita ce mu fara da rumbu. Rumbun kara ba shi da nauyi, kuma dama a kan duwatsu ko itatuwa muke ɗora shi. Buhu 10 na gero, kowanne kilo 100, kilo 1,000 ke nan. A lissafi duro 5 ne daidai wannan nauyi, amma sai a ninka su zama 10, saboda nauyin katako da na rumbun, kuma don kada ya karkace. A kafa turaku huɗu masu zurfi, waɗanda tsawonsu ya wuce inda ruwa ya taɓa kaiwa a jikin bishiyoyi. Da na kai wa Baba wannan lissafi, ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, "Duro goma kuɗi ne. Amma in gida biyar suka haɗa hannu, ba zai gagara ba."

Ya ku 'yan'uwana, muna da ɗakin koyon sassaƙa a makarantar nan, muna kuma da kududdufi a bayan filin ƙwallo. Me zai hana ƙungiyar kimiyya ta gwada ƙaramin rumbu kafin damina, mu ɗora masa buhunan yashi mu ga inda zai gaza? Ku kuma iyayenmu, ku ne kuka san halin kogi, da itacen da gara ba ta ci, da inda ruwa ke fara shigowa. In kun ga yaranku suna jan duro zuwa kududdufi, kada ku ce wasa ne, ku zo ku gyara mana ɗauri. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga sharrin ruwa, amin.